Sauke motar gudu ƙasa a Zariya: yadda ake zaɓen sifirin ba tare da taya ta ci fenda ba

Akasarin masu mota a Zariya, in maganar tsayin mota ta kai su gareji, ɗagawa suke nema: a cusa roba ko ƙarfe a kan sifirin don cikinta ya daina dukan ƙasa. Amma akwai wani rukuni, galibi samari masu BMW, Mercedes C-Class, Lexus IS, Golf GTI, Honda Accord mai ƙofa biyu da ɗaiɗaikun Mustang, waɗanda su saukewa suke so. Ban ga laifin wannan sha'awa ba. Motar da ta zauna daidai, tazarar da ke tsakanin taya da fenda ta rufe, tana da kyan gani, kuma da yake nauyinta ya matso ƙasa, ba ta yawan kwanciya gefe a kwana. Damuwar tana biyo baya ne in an fito titi. Da an hau tudun rage gudu, ko an ɗauki mutum biyu a kujerar baya, sai a ji ƙurrr daga ƙafa, wani lokacin har da warin roba.

Nan take sai a ce sifirin ɗin ne ya cika gajarta. Wannan rabin magana ne. Sifirin shi ke yanke inda mota za ta zauna in tana tsaye. Amma iyakar da taya za ta iya kaiwa sama cikin ramin fenda in an daki rami, ba shi ke yanke ta ba. Wata roba ce mai kauri, galibi rawaya ko baƙa, da ke sanye a sandar shokazoba, a wasu motocin kuma a jikin shasi. In ƙafar mota ta matse har ƙarshe, ita take tarewa. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna komai ta yadda ko an matse wannan roba, ko an karya sitiyari, tayar asali ba za ta taɓa ƙarfe ba. Saboda haka in wilinka na asali ne, girman tayarka na asali ne, robar nan kuma tana nan lafiya ba a yanke ta ba, da wuya gajeren sifirin shi kaɗai ya sa taya cin fenda. Abin da yake yi shi ne ya kusantar da kai ga iyakar. Wurin da a da sai ka faɗa babban rami da gudu kake isa, yanzu ƙaramin tudu ma yana kai ka.

To me ya sa ƙarar take bayyana bayan saukewa? Domin da wuya ka ga mai sauke mota ya bar ta da wilin da ta zo da shi. Tun kafin ya taɓa sifirin ya riga ya sa wili mai faɗi da taya mai girma, tayar ta fita daga lissafin kamfani, sai dai tsayin motar ya rufa mata asiri. Tamkar mai ƙaton rawani ne da ƙofar zauren tsohon gida a cikin Birni: ƙofar tana nan yadda aka gina ta, rawanin ne ya ƙaru. Don haka wanda ke son zaɓen sifirin, daga taya da wili zai fara.

A duba rubutun da ke jikin taya, misali 225/45R17. Lamba ta farko faɗinta ne, milimita 225. Ta biyu tsayin gefenta ne, amma ba a milimita ba, kashi 45 ne cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 101. Ta uku girman wili ne, inci 17, wanda ya yi daidai da milimita 432. In ka haɗa wilin da gefen sama da na ƙasa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama 634. Yanzu mutum ya sayi wili mai inci 18. Tayar da ta dace da shi ita ce 225/40R18, tsayinta 637, bambancin milimita 3 kacal. Amma ya je wurin masu taya a Sabon Gari, aka ce wannan babu, ga 225/45R18 mai kyau, ai duk 225 ce. Tsayin wannan ya kai 660. Ta ƙaru da milimita 26 a kan tayar farko mai 634, wato saman tayar ya matsa kusa da fenda da milimita 13 tun ba a sauke motar ba. Masu harkar suna son kada bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin ɗari, wannan kuwa ya kai 4, kuma har agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da abin da motar ke yi. Ko a lamba ɗaya ma, tayar wani kamfanin tana da kafaɗa mai kusurwa, ta wani kuma a zagaye take, kuma mai kusurwar ita ta fi saurin kama bakin fenda.

A nan ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi. A titunanmu, wili mai inci 17 da taya mai ɗan nama a gefe ya fi 19 mai siririyar taya amfani nesa ba kusa ba. Gefen taya shi ne matashin farko da ke karɓar duka. In ka rage shi, sannan ka rage tafiyar sifirin, dukan rami kai tsaye zai sauka a kan wili, ya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi.

Lamba ta gaba ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ta fi jawo cin fenda. In ka juya wili ta ciki, za ka ga an buga wani abu kamar 7J da ET48. Na farkon faɗin wilin ne a inci. ET kuwa tazara ce a milimita tsakanin tsakiyar wilin da fuskar da ke manne wa ƙafar mota. In lambar tana da girma, wilin ya shige ciki. In ta yi ƙasa, ya turo waje. Toyota 86 da tagwaiyarta Subaru BRZ, alal misali, sun fito da wili 17 mai faɗin inci 7 da ET48, da taya 215/45R17. A ce mai ita ya sa wili mai faɗin inci 8 da ET35. Ƙarin inci ɗaya na faɗi yana rabuwa biyu, kusan milimita 13 ciki, 13 waje. Raguwar ET daga 48 zuwa 35 kuma ta tura wilin gaba ɗaya waje da wasu 13. Sakamako: bakin ciki yana nan kusan inda yake, bakin waje kuwa ya fito da milimita 26. Tayar da a da take shigewa cikin rami in ƙafa ta matse, yanzu leɓen fenda take tararwa. Haka lissafin yake ga faifan da ake sawa a bayan wili don a turo shi waje. Faifai mai kaurin milimita 15 daidai yake da rage ET da 15. Wili na hannu da ake saye don kawai ramukan noti sun yi daidai, ba tare da an juya shi an karanta bayansa ba, shi ne asalin ƙorafe-ƙorafe da yawa da ake ɗora wa sifirin.

Sai mu zo kan sifirin ɗin kansa. Abu biyu ake tambaya: nawa yake saukewa, kuma nawa ne taurinsa. Jama'a na farkon kawai suke tambaya. Tauri ana auna shi da yawan kilon da ake buƙata kafin ya matse da milimita ɗaya. A ɗauka, don misali, ƙafar bayan motarka tana da milimita 70 na tafiya kafin ta kai ga robar tarewa. In ka sauke da 30, saura 40. In ka sauke da 50, saura 20. A ɗauka kuma taurin da ke kan kowace tayar baya kilo 3 ne a milimita. Ranar ɗaurin aure ka ɗauki abokai biyu a baya, ga buhun shinkafa mai kilo 50 a but. Abin da zai hau kowace tayar baya zai kusa kilo 80, wanda zai danne ta da fiye da milimita 25. Wanda ya sauke da 50 ya riga ya zauna a kan roba tun bai ta da injin ba. Wanda ya sauke da 30 yana da ɗan abin da ya rage masa. Motar Bahaushe kuwa ba ta tafiya da direba shi kaɗai. Hotunan da ake gani a intanet na motoci manne da ƙasa, yawancinsu a tsaye aka ɗauke su, babu kowa a ciki, a kan titi mai santsi.

Shi ya sa sifirin saukewa na kirki yake zuwa da ƙarin tauri, don ya riƙe nauyi a cikin gajeriyar tafiyar da ta rage. Iri biyu ne. Akwai wanda taurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, za ka ga tazarar zobbansa iri ɗaya. Akwai kuma wanda wasu zobban nasa ke kusa da juna, wasu a wawware. Yana farawa da laushi, yana ƙara tauri gwargwadon yadda aka matse shi. Na biyun ya fi dacewa da motar da ake zirga-zirgar yau da kullum da ita, domin yana shanye ƙananan gargada, sannan ya tsaya da ƙarfi in babban duka ya zo. Sanannun masu yin su sun haɗa da Eibach da H&R na Jamus da Tein na Japan. Eibach suna da wanda suke kira Pro-Kit, mai saukewa wajen milimita 25 zuwa 40 gwargwadon mota, da Sportline wanda ya fi shi sauka, a wasu motocin har ya haura 50. Ga mai bin titin Sokoto daga Kwangila zuwa Samaru kullum, yana tsallaka layin dogo a Sabon Gari, yana shiga lungunan Tudun Wada da Gyallesu a watan Agusta, ni dai ba zan ba shi shawarar wuce milimita 25 zuwa 30 ba. Ba taya kaɗai ake tsoro ba. Akwai bamba, akwai salansa, akwai tukunyar man inji da ke ƙasa, wadda in ta fashe man ya zube ba a lura ba, inji ne zai tafi. Gangaren ƙofar gida da aka ɗora a kan lambatu ma ya isa ya gwada mota kowace safiya.

Lambar saukewar da aka rubuta a kwali kuwa, daga tsayin sabuwar mota ake lissafa ta. Motar da ta shekara goma sha biyar tana aiki a Turai ko Amurka kafin ta shigo ta Kwatano ko Legas, mai yiwuwa sifirinta ya riga ya gaji ya ɗan sauka. Wasu kuma tun daga kamfani a sauke suke, kamar BMW mai ƙafar M Sport, wadda ta fi 'yar'uwarta ƙasa da milimita 10 zuwa 15. A irin waɗannan, sifirin da aka ce yana sauke 30 zai iya ba ka rabin haka. Sannan kowane sifirin da motarsa, da shekararta, da injinta. Accord mai silinda huɗu da mai shida ba nauyinsu ɗaya a gaba ba. In ka sa na mai huɗu a mai shida, hancin zai nutse fiye da yadda aka tsara. Na gaske yana da lamba a jikin zobensa, a duba ta a shafin kamfanin kafin a biya kuɗi, don jabu mai fenti ja ko shuɗi ya yi yawa.

Hanyar da aka fi bi a nan don araha ita ce a yanke zobe ɗaya ko biyu da giranda, ko a gasa sifirin da wutar walda har ya zauna. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya guje ta. Gaskiya ne yankewa na ƙara ɗan tauri, in zobba takwas ne ke aiki aka cire ɗaya, taurin zai ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari, amma wannan bai kai ya biya tafiyar da aka rasa ba. Bakin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma in taya ta rataya a iska lokacin tsallake tudu, gajeren sifirin zai iya gocewa. A motocin da sifirin ke zaune a tsakiyar hannun ƙafa ba kusa da taya ba, abin da aka yanke yana ninkuwa a wurin taya, sai motar ta faɗi fiye da yadda aka nufa, kuma ba a mayar da abin da aka yanke. Gashi da wuta ya fi muni, domin yana kashe ƙarfen. Zai ci gaba da sauka a hankali, gefe ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye. Araha ba ta ado.

Shokazoba ba ta ɗaukar nauyin mota, aikinta ta hana sifirin yin tsalle-tsalle. Amma tana da hannu dumu-dumu a cin taya. In ta mutu, babu abin da zai rage saurin da taya ke harbawa sama, sai ta doki roba da dukan ƙarfinta. Sabon sifirin mai tauri a kan tsohuwar shokazobar da ke yoyon mai, kuɗi ne aka zubar. In saukewar kaɗan ce, shokazobar asali mai lafiya za ta iya ɗauka, ko da yake ba za ta yi tsawon rai kamar da ba. In an wuce haka, sai an nemi wadda aka yi don gajeren sifirin. Bilstein, misali, suna da B6 don tsayin asali da B8 don motar da aka sauke. Robar tarewar nan kuma a duba ta. A tsofaffin motoci da yawa ta riga ta rududduge ta zube, babu wanda ya lura. Wasu kamfanonin sifirin suna haɗo gajeriyar roba ko su faɗi iyakar abin da za a rage. In ba su faɗa ba, kada a bar yaron gareji ya sa mata wuƙa don wai a samu laushi, domin duk milimitar da aka yanke, izini ne aka ba taya ta ƙara shiga sama. Akwai kuma shokazoba mai zare da ake ɗagawa da saukewa da sifana, irin ta kamfanonin KW ko Tein. Tana ba da damar a mayar da mota sama in damina ta faɗi, sai dai tsadarta ta ninka, kuma ƙurar hunturu da laka suna cije zaren in ba a wankewa ana shafa masa mai.

Tsarin ƙafar motar ma yana da tasa rawar. In aka sauke mota, saman taya yakan karkata ciki. A motocin da ke da hannu biyu sama da ƙasa, kamar gaban Lexus IS da na Accord kafin 2013, karkatar tana da yawa, kuma tana taimaka wa taya ta shige ƙarƙashin fenda, amma tana cinye gefen ciki na tayar. A masu shokazoba a tsaye da sifirin a jikinta, kamar gaban BMW 3 Series da Golf, karkatar ba ta kai haka ba. Wani abu da ke ruɗa mutane: an sauke mota babu ƙara, sai aka sa abin miƙe karkatar don a ceci taya, ƙara ta bayyana. Dalili shi ne miƙewar ta turo saman tayar waje. Mustang ta 2005 zuwa 2014 kuma, mai gatari guda a baya, tana da sandar da ke riƙe gatarin daga gefe. Da an sauke ta, gatarin yakan ɗan gusa gefe ɗaya, sai taya ɗaya ta ci fenda, ɗayar lafiya lau. Maganinsa sanda mai zare da za a daidaita ta.

Duk wannan lissafi ba ya maye gurbin awo. A ajiye motar a wuri mai baje, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a ƙafa huɗu, a rubuta. Daga tsakiyar wili ake aunawa ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ta shiga lissafi. Gwajin da ya fi kowane shi ne a cire sifirin, a mayar da shokazoba ita kaɗai, a ɗaura wilin da tayar da za a yi amfani da su, sannan a ɗaga hannun ƙafar da jak har robar tarewa ta matse. A karya sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, ana juya tayar da hannu. In ba ta taɓa komai a nan ba, kuma akwai sararin da ya kai milimita 5 zuwa 10 don taya tana lanƙwasa a kwana, to kowane sifirin ka sa ba za ta taɓa ba. Aikin rabin yini ne. A tabbata gareji yana da abin matse sifirin na gaske, don sifirin da ya kuɓuce yana karya hannu da fuska.

In kuma an riga an sauke, ƙarar ta fara, tabon da aka bari shi zai faɗi mai laifi. Makaniken da ya san aikinsa zai cire tayar, ya shafa yatsa a cikin leɓen fendar baya, inda ƙarfen ya lanƙwaso ciki kamar faɗin yatsa. Zai ce, "Yallaɓai, sa hannunka nan," sai ka ji wurin ya yi santsi, fenti ya goge, ƙarfe na ƙyalli, ga baƙin garin roba a yatsanka. A jikin tayar kuma, daidai kafaɗarta ta waje, za ka ga siririn layi ya zagaye ta kamar an ja da reza. Wannan wili ne ya fito waje da yawa. In gefen ciki ne ya yi sheƙi, tayar tana gogar shokazoba ko hannun ƙafa, wato ET ya yi yawa ko faɗi ya wuce kima. In baƙar robar da ke lulluɓe ramin fenda ce ta huje daga sama, tsayin taya ne. In kuma sai an karya sitiyari gaba ɗaya ake ji, kamar wurin juyawa a PZ, yawanci gefen wannan robar ne ko wani ɗan noti da ya turo kai, kuma gyaransa ba wuya. A cikin huɗun nan, na farko shi ne mai haɗari. Gefen taya ba a yi masa faci. In yankan ya kai ga zare, tayar ta gama aiki, kuma kada a hau da ita hanyar Kaduna ko ta Kano da gudu.

Leɓen fenda ana iya naɗe shi sama ya kwanta, a samu ƙarin wasu milimita. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a mazaunin wili mai ƙaramar taya a kai, ana ɗumama fentin ana bi a hankali. Guduma da ƙarfen jak suna fasa fenti, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta fara daga ciki. In abin da ake nema ya wuce abin da naɗewa za ta bayar, a sauya wilin ko a rage faɗin tayar, ya fi a lalata jikin mota.

Ranar ɗaurawa, notocin hannuwan ƙafa masu bushin roba ba a ƙarasa ɗaure su sai motar ta sauka ta zauna a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri. Sabon sifirin yakan ƙara zama kaɗan a makon farko ko na biyu, don haka a sake awon nan huɗu a kwatanta da na farko, sannan a kai ta alaimin na kwamfuta, ƙafa huɗu, ba na gaba kawai ba. Saukewa tana canza yadda tayoyi ke kallon ciki ko waje, kuma wannan ya fi karkata saurin cinye taya. A daidaita fitilun gaba, don hancin da wutsiyar ba lallai su sauka daidai ba. Bayan wata guda a karya sitiyari, a durƙusa, a shafa gefen ciki na kowace taya da tafin hannu, domin nan ne take fara cinyewa, kuma daga waje ba a gani.